Tsakanin Waƙafi Biyu

Wannan abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. A ƙarshen shekarar 1999 ne, ana cikin kaka, lokacin ina aiki a Tudun Wada da wata 'yar ƙungiya mai tattara tarihin baka, wato mu bi ƙauyuka da rikoda tun daga Bebeji da Kiru har Doguwa, mu zauna gaban tsofaffi su yi ta ba mu labarin da, mu dawo a buga a kwamfuta, a ƙarshe a fitar da ɗan littafi a mayar wa mutanen garin. Ofishin namu ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, kwamfuta ɗaya tal da janareta mai yawan tari, sai mu uku: shugabanmu da muke ce wa Oga, da Malama Rabi mai buga rubutu, da ni da aka ɗora wa sarrafa shi saboda 'yar takardar kwamfuta da na yo a Kano, wadda a lokacin nake hura hanci da ita kamar ni na ƙera na'urar.

Bari in ɗan bayyana muku aikin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya tayar mini da tsikar jiki ba. Malama Rabi takan saurari kaset ta buga abin da ta ji, tana kewaye kowane yanki da alama, wannan sunan mai magana ne, wannan garinsu ne, wannan maganarsa ce, kamar yadda ake rubuta suna a jikin buhu kafin a loda a mota. Ni kuma sai in rubuta umarni da wani sabon yaren kwamfuta da ake kira XSLT, wanda Oga ya zo da shi a ɗan faifan disket daga wata tafiya da ya yi, shi ne yake ɗaukar rubutun nan mai alamomi ya juya shi ya zama shafin littafi. To yaren nan a wancan zamanin ba shi da wuƙar da za ta yanka dogon layi gunduwa-gunduwa a sara ɗaya. Abu biyu kawai ya iya: ya ba ka abin da ke gaban waƙafi na farko, ya ba ka abin da ya rage a bayansa. Saboda haka in an jero sunaye da waƙafi a tsakaninsu, sai ka ce masa ya ciri na farko ya ajiye a layinsa, sannan ya koma kan ragowar ya sake ciro na farko, haka haka har layin ya ƙare, kamar mai shan rake gaɓa bayan gaɓa. Aiki ne mai cin rai, amma ni ina son sa.

Ana nan sai wani mutum ya zo ofishin, Malam Idi, masunci ne daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tayar lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garuruwansu. Yana ɗan yaro aka kwaso su a mota, yanzu har ya fara furfura. Ya ce dattawan garinsu ne suka aiko shi. Maƙabartar tsohon garinsu tana ƙarƙashin ruwa, babu kabarin da za a je a tsaya a kai, shi ne suke so a rubuta musu sunayen waɗanda ke kwance a can, duk shekara in an yi saukar Alƙur'ani a karanto su ɗaya bayan ɗaya a yi musu addu'a. Kuma duk garin mutum ɗaya ya rage da ya riƙe sunayen nan a ka, ita ce mahaifiyarsa, Iya Tasalla, ga shi jikin nata yau lafiya gobe babu.

"Malam, in ta tafi da su, sun mutu sau biyu ke nan," in ji shi.

Ranar da muka sa na ɗauki rikoda, ya goya ni a babur muka tafi. Mun same ta a ƙofar ɗakinta kan tabarma, 'yar tsohuwa ƙarama, idanun sun yi yana, amma kan nan garau. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, ta tsokane ni wai ashe miji aka kawo mata mai akwatin magana. Da na kunna rikodar sai ta rufe ido ta fara, kuma ba haka kawai take jero su ba, shiga maƙabartar take yi. Ta fara daga gindin wata tsamiya ta gabas, tana bi gida-gida yadda aka binne su, Malam Garba Liman, matarsa Hajjo, Audu Maƙeri, Kande mai koko, tana yi tana ɗan nuni da yatsa kamar tana ganin tudun kowane kabari. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗi da ban tausayi a haɗe irin wannan ba. Can wajen tsakiya, da ta zo kan mutanen gidan mijinta, ta faɗi surukinta, ta faɗi surukarta, sai ta yi shiru. Na ga maƙogwaronta ya motsa, leɓɓanta a rufe. Na ɗauka numfashi take mayarwa, tsufa ne. Jim kaɗan ta ci gaba da na gidan gaba, har ta kai ƙarshen maƙabartar ta shafa addu'a.

Na kawo kaset, Malama Rabi ta buga sunayen duka a dogon layi ɗaya, waƙafi tsakanin kowane biyu, ta kewaye shi da alamarsa ta miƙo mini. Na sa umarnina ya bi ta kai. Da shafin ya fito sai na ga sunayen sun tsaya a rabi, daidai kan surukar Iya Tasalla, sauran duk babu su. Na yi tsaki na koma cikin rubutun ina bi da yatsa a fuskar kwamfutar, sai ga dalilin: bayan sunan surukar akwai waƙafi biyu a jere, babu komai a tsakaninsu. Ni kuwa na gaya wa umarnin cewa in ya duba gaban waƙafi bai ga komai ba, to aiki ya ƙare, ya tsaya. Shi kuma bawan Allah ya bi abin da aka ce masa.

Na ce, "Malama Rabi, hannunki ya zame a nan, kin buga waƙafi biyu."

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Bai zame ba. Shiru tsohuwar ta yi mai tsawo a wurin, ni kuma abin da na ji nake bugawa. Shirun na ba wa nasa waƙafin."

Na yi dariya na ce to shiru dai ba ya shiga littafi. Ban taɓa rubutunta ba, don doka ce a wurinmu ba a gyara abin da aka kwafo daga kaset, umarnina na gyara, na ce in ya tarar da wuri babu komai ya tsallake ya ci gaba da ragowar. Wannan kuwa da rana tsaka ne, bayan azahar, ranar kasuwa, ana ta hayaniyar masu awaki a bayan taga, kada wani ya ce dare ne ko barci ne ya ɗebe ni. Na sake sa shi, na tura firinta, ta yi ta ƙararta ta fito da takarda. Sunayen sun cika har ƙarshe, na ji daɗi, na ɗauka ina dubawa ina mai yaba wa kaina. Da idona ya zo kan gidan mijin Iya Tasalla, ga surukinta, ga surukarta, sai ga wani suna a layinsa shi kaɗai, a daidai wurin da ya kamata a tsallake: Ukashatu.

Da farko ban ji komai ba sai haushi, na ɗauka wani rubutun ne ya zubo cikin wannan. Na sa kwamfutar ta nemo mini kalmar a cikin rubutun Malama Rabi, ta ce babu. Na nema a cikin umarnina, babu. Na bi duk abin da muka taɓa bugawa tun da aka buɗe ofishin, hirarrakin Dangora da na Ba'awa da na Fulanin wajen Doguwa, kai har wasiƙun Oga, babu Ukashatu ko ɗaya. Na koma kan waƙafi biyun nan, suna nan yadda suke, ba komai a tsakani. Na ɗauko kaset na kai daidai wurin, muka kasa kunne ni da Malama Rabi, muka ƙure murya: ba ka jin komai sai sautin daka daga maƙwabta da kukan wata akuya. Malama Rabi ta dubi takardar ta dube ni, ta ce a'uzu billahi a hankali, ta ɗauki mayafinta ta ce yau da wuri za ta tashi.

Da Oga ya zo na nuna masa, shi mutum ne da ba ya son zancen almara, ya ce na'ura ba ta ƙirƙirar suna, akwai inda na yi kuskure, kuma ko ma mene ne, abin da ba ya cikin kaset ba ya shiga littafi. In goge, ko in koma in tabbatar. Gogewar ita ce mai sauƙi, amma na kasa. Haka kawai na ji kamar in na goge, wani mutum na tura waje.

Ranar kasuwa ta zagayo Malam Idi ya kawo kifi, ya biyo ya ji inda aka kwana. Na ce masa, "Malam Idi, wane ne Ukashatu a gidanku?"

Ya yi tunani ya girgiza kai. "Ba mu da Ukashatu. Ko a dangi ban san shi ba."

Na nuna masa inda sunan ya faɗo, na gaya masa gaskiyar yadda aka yi. Ya daɗe yana kallon takardar duk da ba boko ya yi ba, sannan ya ce, muryarsa ta sauya, "Na dai taɓa ji a bakin wata gwaggona cewa akwai wani kafin ni. Ya rasu ban zo duniya ba. Inna ba ta taɓa zancensa ba, ka san ɗan fari. Baba kuma shekarar da aka taso mu ya rasu, ban kai in tambaye shi ba. Gwaggon ma ta daɗe da tafiya."

Ku da kuka taso a birni yanzu wataƙila abin ya zame muku labari, amma a wurin iyayenmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, sau da yawa ma kaka ce ke ɗauke shi da an yaye shi. Sai dai ta ce "wannan" ko "yaron nan", har ya girma ya yi jikoki.

Muka koma garin tare, ni da takardata da rikoda. Jikin Iya Tasalla ya ƙara yin ƙasa, a kwance muka same ta, aka tayar da ita aka jingina ta da bango. Na ce mata na zo in karanta mata ne ta ji ko mun yi daidai. Na fara, duk sunan da na kira sai ta ce Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙanta, wani ta ɗan yi murmushi, wani ta gyara mini yadda ake faɗa. Har na iso gidan mijinta. Na kira surukinta, na kira surukarta, ta yi musu addu'a. Sannan na ce, "Ukashatu."

Ba ta ce Allah ya jiƙansa ba. Hannunta da ke kan gwiwa ya kama zanenta ya damƙe, idanun nan masu yana suka tsaya a kaina kamar tana ganina sarai. Malam Idi na tsugune a gefe ko motsi ba ya yi.

Can ta ce, "Ɗan nan, wa ya faɗa maka?"

"Babu kowa, Iya. A takardar na gan shi, ni ma ban san daga inda ya fito ba."

"Duk wanda ya san shi ya mutu," in ji ta. Sannan ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Wallahi ban san sau nawa na kira sunan nan ba, ita kuwa ta rufe ido tana saurare kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya, hawaye na bin tamojin fuskarta ba ta share ba. Sannan ta fara magana, ba da ni take ba, ba da ɗanta take ba. Ta ce bai fi shekara huɗu ba, ƙyanda ce ta ɗauke shi, a ɗakin kakarsa ya yi jinyar, ita sai dai ta wuce ta ƙofar da tulu tana satar kallo. Ranar da aka fita da shi tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ajiye rariyar ba, don kada a ce ba ta da kunya. Da aka zo kwashe su saboda ruwa, kowa ya je maƙabarta ya yi sallama da nasa, ita ta tsaya kan kabarin surukarta ta yi addu'a, nasa na nan dab da ƙafarta, ba ta juya ba saboda idon mutane.

"Ranar da ka zo da akwatinka," ta ce, "na san in ban faɗa ba shi kaɗai za a bari a ruwa ba mai kiransa. Na kawo shi har bakina, ya ƙi fita. Sai na faɗa a zuci, na wuce."

Na dubi rikodar da ke hannuna. Sai na tuna da dokar Oga, na ce mata a hankali, "Iya, ba za a sa shi a littafin ba sai an ji shi a kaset. Ko sau ɗaya ne, ki daure." Na danna na miƙa kusa da bakinta. Ta buɗe baki, leɓɓanta suka yi rawa, na ga ta yi iya yinta, tsohuwar da ta haddace maƙabarta guda, amma ko harafin farko bai fito ba. Ta kawar da kai ta ce, "Ba zan iya ba. An riga an ɗaure bakin."

Sai Malam Idi ya matso ya karɓi rikodar daga hannuna, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro, ya ce, "Ukashatu, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana kwance kusa da kakarmu." Ya juya ya ce, "Inna, haka ne?"

Ta ce, "Haka ne." Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, "Rubuta shi, ɗan nan. Ai kai ba uwarsa ba ne."

A hanyar dawowa Malam Idi ya tsayar da babur a inda ake hango ruwan, ya daɗe yana kallo, ya ce shekara da shekaru yana jefa koma a saman yayansa bai san sunan da zai yi masa addu'a da shi ba.

Da na koma ofis na sake sa umarnin nan a kan rubutun nan, ban canja ko ɗigo ba. Ya zo kan waƙafi biyun ya tsallake abinsa lafiya lau, kamar yadda na ce masa tun farko. Na maimaita har na gaji, a ranar da washegari da bayan nan, sunan bai ƙara fitowa ba. Da hannuna na buga shi a tsakanin waƙafin, bisa shaidar sabon kaset, Oga ya saurara ya sa hannu, kuma bai sake tayar da zancen kuskurena ba. Na nuna wa waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta a Kano daga baya, kowa da abin da yake faɗa, babu wanda ya iya nuna mini inda na'ura za ta samo sunan da ba a taɓa buga mata ba, balle ya zama daidai.

Iya Tasalla ba ta kai ranar saukar ba. Kafin littafin ya fito daga wurin ɗab'i Allah ya karɓi abarsa, aka binne ta a sabuwar maƙabarta a kan tudu, nesa da ruwan. Na je saukar, na ji liman ya karanto Ukashatu a cikin jerin, mutane suka ce amin, wasu tsofaffi suna duban juna suna tambayar wane ne. Ta tafi ba ta taɓa kiransa da bakinta ba.

Abin da ban gaya wa kowa a ofishin ba shi ne, ni ma ɗan fari ne. Tun ina yaro nake jin zafin yadda mahaifiyata ke kiran ƙannena da sunansu har da na wasa, ni kuwa sai "kai" ko "wancan", na girma ina ɗauka ni ne ba a so. A makon nan na hau mota na tafi gida. Na yi sallama na durƙusa, tana tsintar shinkafa a faranti, ta ɗago ta gan ni, ta ɗan yi shiru kafin ta kawar da kai ta ce, "Kai ne? An zo lafiya?" Shirun nan na sha jin sa tun ina ƙarami, ban taɓa sanin akwai abu a cikinsa ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai na amsa gaisuwar, ban bari ta ga idona ba.

Ni ban ce aljani ba ne, ban ce na'ura na jin zuci ba, Allah kaɗai ya bar wa kansa sani. Shawarata dai, duk mai tsohuwa a gida ya samu gwaggo ko inna ko wata tsararta ya tambaya tun suna raye, ko akwai wanda aka haifa kafin shi, kuma wane suna aka raɗa masa, don ita ba za ta faɗa ba ko za ta mutu da shi. Ku kuma masu aikin rubutu, in kun tarar da wurin da aka bari babu komai, ku tambaya kafin ku share. Allah ya jiƙan Ukashatu da mahaifiyarsa, ya haɗa su inda ba ta jin kunyar kowa.